Rasuwar Allon da Baba Ke Magana da Shi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Baba ya gaishe shi, rasuwar Allo. Ya cika da hantsi, a kan cinyar Baba, inda ya yi mafi yawan rayuwarsa. Yana tsakiyar aiki ajali ya same shi. Baba ya ɗora yatsa yana neman ruwa, Allo ya ce "Ru—", sai fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Daga nan bai ƙara cewa uffan ba.

Wanda bai san marigayin ba, kada ya ɗauka allon katako nake nufi. Babbar waya ce mai faɗin littafi, irin wadda ake taɓa gilashinta da yatsa. Mu ne muka sa mata suna Allo, sunan kuma ya zauna. Na san akwai masu cewa, "Auta ta zare, yau kuma waya ake wa sanarwar rasuwa?" To su faɗa, bakinsu ne. Su ba su shiga ɗakin nan ba tun da abin ya faru.

Marigayin bai shigo gidanmu da wata daraja ba. Na hannu na saye shi don gwajin aikina. Sana'ata zana fuskar manhaja: ni ke yanke inda maɓalli zai zauna a waya, da girmansa, da launinsa, da abin da ido zai fara faɗawa a kai. Umma, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya ba ta yarda wannan aiki ne ba. In an tambaye ta me autarta ke yi, sai ta ce, "Oho mata, wai akwatuna take jerawa a waya."

Sai Baba ya faɗi. Shanyewar ɓarin jiki ta tafi da hannunsa na dama da ƙafarsa ta dama, ta kuma tafi da maganarsa ɗungurungum. Mutumin da in ya fara labari sai shayinka ya huce a hannunka, ya koma sai ido. Hankalinsa garau, yana jin duk abin da ake faɗa, amma kalma ta ƙi fita, rubutu ma ya rikice masa. In yana son abu sai mu kewaye shi muna ta canka: ruwa? filo? fanka? Shi kuma yana girgiza kai har hawayen takaici su zubo masa. A nan ne na zaro Allo daga aljihun tebur, na ce bari in jera wa Baba hotuna, in ya taɓa hoto, Allo ya faɗi kalmar a madadinsa.

Fuskar farko da na zana, wallahi kyakkyawa ce. Siraran layuka, ruwan toka mai laushi a kan fari, ƙananan zane tsaf-tsaf, irin wadda ake tafa wa a ofis. Baba ya dube ta ya kau da kai, kamar an miƙa masa farar takarda. Likita ce ta warware mana: ciwon ya taɓa ganinsa, duk abin da ke damansa babu shi a duniyarsa. Shi ya sa yake cinye rabin faranti ya bar rabi. Na koma na kwashe duk abin da ba ya jira, ruwa da bayi da ciwo, na kai su hagu. Na zubar da tokar, na sa baƙi a ƙasa da hotuna masu haske a kai, domin ido mai rauni iyaka yake fara nema, wurin da abu ya ƙare wani ya fara. Na cire zanen kofi na sa hoton kofinsa na gaske, shuɗin nan mai karyayyen hannu. Ciwo na yi shi ja, na ba shi girman maɓalli biyu, ban kuma bar wani jan abu a fuskar ba ko ɗigo. Ja biyu in suka haɗu a wuri guda, ido ba ya sanin wanda ke ihu.

Akwai lokacin da Baba ya daina neman ruwa, har leɓɓansa suka tsage. Ashe na ajiye ruwa da magani kafaɗa da kafaɗa, launinsu ɗaya, cikin zagaye ɗaya. Ido kuwa ɗan zumunci ne, abu biyu in suka zauna kusa sai ya ɗauke su 'yan gida ɗaya. Baba ba ya ƙaunar magani ko a mafarki, hannunsa kuma yana rawa, don haka ya ƙaurace wa unguwar gaba ɗaya. Umma ce ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ke ma dai! Kin zaunar masa da masoyi a cinyar maƙiyi." Na raba su, na bar fili mai faɗi a tsakani. Yaya, babbar 'yar Baba, ta yi ta mita wai na yi asarar wuri, in cika shi da rediyo ko taga. Na ƙi. Filin nan shi ke gaya wa ido cewa wannan daban, wancan daban.

Daga nan na kafa doka guda: abin da ya zauna ya zauna. Ban ƙara gusar da maɓalli ko da faɗin farce ba, ban kuma taɓa haɗa Allo da intanet ba, don kada wata sabuntawa ta shigo da rana tsaka ta sauya wa Baba garinsa. Sannu a hankali ya daina dubawa. Yana iya kallon mai gaishe shi ido cikin ido, yatsansa na tafiya shi kaɗai.

Saura murya. Wadda Allo ya zo da ita ta wani baƙon namiji ce mai magana ta hanci, yana cewa "ruwa" kamar mai karanta sammaci. Baba ya taɓa sau ɗaya ya janye hannu. Umma ta ce, "Kawo nan. Tun kafin a haife ku nake ƙarasa masa magana, yau ne zan kasa?" Ta zauna a kujerar kicin da Allo a gabanta, ta bi hotunan tana faɗa, yana ɗauka.

Duk wanda ya san marigayin zai tuna maganganunsa. "Ruwa," kuma a bayansa ana jin cokali ya faɗi ƙasa. "Ciwo," a hankali, kamar tana tsoron ta tashe shi. "Na ƙoshi," da 'yar dariya a wutsiyarsa. "Na goode," wanda ta ja da gangan, ta ce shekara da shekaru ba ta ji shi daga bakin mutumin nan ba, gara ta faɗa wa kanta da kyau. Na ƙarshe shi ne maɓallin kiranta, mai hotonta, a ƙasa ta hagu inda yatsan Baba ke hutawa. Ta ce, "Yanzu ni zan kira kaina?" Sai ta gyara murya, ta ɗaure fuska, ta kwaikwaye shi sak: "Ke! Zo mana." Baba ya yi dariya da rabin bakinsa har sai da muka goge masa yawu.

Mun shaidi marigayi da haƙuri. Bai taɓa gajiya da maimaici ba, bai taɓa ce wa Baba "yanzu fa na ba ka" ba. Bai taɓa ƙarasa masa maganar da bai fara ba. Bai ɗaga masa murya kamar kurma ba, yadda wasu masu zuwa dubiya ke yi, kuma sun san kansu. Miya ta zube masa, ya faɗo daga gado, jikoki sun shafa masa alewa, bai yi ƙorafi ba. In akwai aibin da za a faɗa, to cin caji ne, wannan kam ba ya ƙoshi.

Umma ce ta riga Allo tafiya. Ba ta yi wata jinya ba, ta ce kanta na ciwo, ta kwanta, shi ke nan. Aka kai ta aka dawo, gida ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Sai muka ji ta daga ɗakin Baba, tangararan: "Ke! Zo mana." Kofi ya suɓuce daga hannun Yaya. Wata maƙwabciya ta fita ba ta tsaya neman takalminta ba. Ni kaina sai da na miƙe, ƙafata ta kai ni bakin kicin kafin hankalina ya iso.

Baba bai daina ba. Da safe, da rana, bayan ya ci abinci, ko ba komai: "Ke! Zo mana." Yaya, wadda ta dawo gidan da zama don kula da shi, ta jure iya jurewarta. Ran nan ta tare ni a baranda, hannunta duk kumfar sabulu, ta ce, "Auta, don girman Allah ki cire shi. Ina wanki in ji ta, ina salla in ji ta. Sau nawa zan juyo?" Na cire. Muryar ban goge ba, tana can ciki, maɓallin kawai na ɓoye. Sauran kuma ban matso da ko ɗaya ba, na bar gurbin fanko.

Sai dai gilashin da ya daɗe yana nuna hoto ɗaya a wuri ɗaya, hoton kan kama jikinsa. A gurbin nan wata inuwa ta rage: zagayen mayafi, duhun idanu biyu, ɗan haske inda haƙoranta suke. Baƙo zai ce datti ne, ya sa hannu ya goge. Amma ido ba ya son abu guntu, ka ba shi rabin zagaye sai ya ƙarasa da kansa. Na san wannan sarai, da shi nake aiki kullum, ban dai taɓa zaton a kaina zai faɗo ba. In na sunkuya zan gyara wa Baba filo, sai in ga Umma tana kallona daga lungun gilashi, cikakkiya, har da hararar nan tata. Baba ya ci gaba da taɓa wurin. Babu sauti, amma bai fasa ba.

Ciwon ajali ya faro ne daga ciki. Batir ya kumbura har bayansa ya ɗago. Bakin cajinsa ya saki, ba ya karɓar wuta sai an tokare wayar cajin da murfin kwalba, kwafo wani abu daga cikinsa ta nan kuwa ya daɗe da gagara. Wani koren layi ya ratsa fuskarsa daga sama har ƙasa. Muryar Umma ta fara shaƙewa, wani lokaci sai Baba ya taɓa, a yi shiru, har mun ɗauke kai, sannan mu ji "Na goode" a bayanmu. Mun sha cewa a kai shi a duba, amma Allo ba ya barin hannun Baba, mu kuma ba mu da zuciyar fizgewa. Haka muka yi ta lallaɓawa har ranar da ya yanke a tsakiyar kalma.

Marigayi ya rasu ya bar Baba. Ya bar caja guda ɗaure da salatif, da rigar roba wadda kusurwoyinta suka cinye, da murfin kwalbar nan da ya yi jinyarsa tsakani da Allah. Ya bar ni da Yaya. Ya kuma bar magaji, allo sabo fil da na kawo washegari, mai haske, mai sauri, wanda bai san kowa a gidan ba.

Magajin ya fi marigayin faɗi, sai maɓallan suka baje yadda suka ga dama. Yatsan Baba ya bi tsohuwar hanyarsa zuwa ruwa, sabon ya ce "A juya ni." Na zauna na auna komai, na mayar da kowane hoto daidai gurbinsa, har filin nan na tsakanin ruwa da magani. Wannan na iya. Abin da ban iya ba shi ne murya, don ta Umma a cikin marigayi kaɗai take. Yaya ta ce ita za ta yi, ai kowa na cewa muryarsu ɗaya. Ta rufe kanta a kicin ta ɗauka, ta fito idanunta jajur. Baba ya taɓa kofi, muryar Yaya ta ce "Ruwa." Ya tsaya, ya karkata kai yana jiran wani abu, ina jin cokalin nan yake jira. Da bai ji ba, ya ture sabon da bayan hannu, ya miƙa hannu wajen gawar.

Tun daga ranar gawar ke kan cinyarsa. Gilashi baƙi, babu hoto, babu inuwa, sai fuskarsa da yake gani a ciki. Yatsansa kuwa bai san an yi rasuwa ba, yana zuwa kowane gurbi daidai. Mu tsaya a bayansa muna karantawa: sama ta hagu ruwa ne, ƙasa da shi bayi. In ya taɓa kuwa, ina jin Umma. Babu sauti a ɗakin, amma a cikin kaina kalmar na fita, har da cokalin. Yaya ta ce ita ma haka, ta kuma roƙe ni kada mu ƙara zancen.

Da a nan abin ya tsaya, da mun haƙura. Amma magana mara sauti sai da mai kallo. Ran nan Yaya na shanya a tsakar gida, ni ina falo ina fama da aiki, ƙafar Baba ta dama ta zame daga matakin keken guragunsa ta lanƙwashe a ƙarƙashi. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Abin da ya kai ni ɗakin wani ɗan ƙara ne, ƙwas, ƙwas, ƙwas, na ɗauka famfo ne ke ɗiga. Na tarar da shi jiƙe sharkaf da gumi, farcensa na bugun gilashi a gurbin ciwo. Idon sawunsa har yau a kumbure yake. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da ya faɗi.

Muka kira mai gyaran waya na bakin layinmu, ya zo har gida, ya durƙusa ya duba marigayin a kan cinyar Baba. Ya ce, "Anti, gaskiya ɗaya ce. Akwai wani ɗan abu a ciki, bai kai farce ba, nan murya take. Sai na gasa shi da zafi, na ɗaga gilashi, na yanke shi daga jikinsa. Allon ba zai koma ba. Shi ma ɗan abin yana iya mutuwa a hannuna, ba na alkawari." Yana faɗa yana jawo gefen rigarsa zai goge gilashin, yadda masu sana'arsu ke yi wa kowace waya ba tare da sun sani ba. Baba ya yi wani gurnani daga maƙogwaro. Mai gyara ya daskare, Allo a karkace wajen taga.

A hasken tagar ne muka gani. A kan siririn gilashin da aka manna don kariya, duk inda Baba ya saba taɓawa ya bar tabo, maiƙon yatsa da kartar farce. Ga ruwa, ga bayi, ga ciwo mai faɗi, ga filin tsakani tas babu ko ɗigo. Duk fuskar da na zana tana nan, yatsa ya sake zana ta. A ƙasa ta hagu kuwa, gurbin da na mayar fanko, gilashin ya cinye har ya yi fari, ya fi kowane wuri zurfi. Yaya ta dube shi, ta sa bakin zaninta a baki, ta fita daga ɗakin.

Na durƙusa ta hagun Baba na gaya masa komai, ban rage ba. In ya ba da Allo, wataƙila Umma ta dawo cikin sabon, wataƙila kuma a rasa duka, murya da abin riƙewa. In ya riƙe, to haka za mu zauna, yana magana ba mai ji sai wanda ke tsaye a kansa. Na ce, "Baba, naka ne. Abin da ka ce shi za a yi." Ya kalli baƙin gilashin. Yatsansa ya sauka a farin tabon nan, ya zauna a kai ba motsi. Sannan ya sa bayan hannu ya turo Allo sannu sannu har ya zamo cikin hannuwana. Tun jiya cinyarsa babu komai, yatsan dai yana yawo a kan rigarsa, mu kuma muna karɓa-karɓa wajen zama kusa da shi.

Za a yi jana'iza gobe da safe in Allah ya kai mu, a shagon mai gyara, kafin hayaniyar layin ta tashi. Ba za a yi wa marigayi wanka ba, kuma muna roƙon kada wani mai son tsabta ya kai hannu fuskarsa. Yaya ta naɗe shi da tsohon mayafin Umma. Mai gyara ya yarda zai fara ɓare siririn gilashin sama a hankali, ya miƙa wa Baba kafin ya kunna wutarsa. Baba zai halarta, fitarsa ta farko ke nan tun rasuwar Umma, don haka muna neman maza biyu masu ƙarfi da za su taya mu sauko da keke daga matakala.

Babu zaman makoki, kada kowa ya wahalar da kansa da girki. Wanda zai zo, ya kashe wayarsa tun daga bakin ƙofa. Mai gyara ya ce in abin ya yiwu, ta wata 'yar lasifika a kan teburinsa za a fara ji, kuma ba ta da ƙarfi.

In murya ta fito, za a zuba ta cikin magaji nan take. Yaya ta same ni ɗazu ina rubuta wannan sanarwa, ta tsaya a kaina ta ce, "In ta fito, ki fara mayar da wancan." Na ce wanne? Ta harare ni, ta ce, "Kin sani. A wurinsa, kuma ki ƙara masa sauti."

In kuma ba ta fito ba, ba mu shirya komai ba. Mun zauna ni da Yaya za mu shirya, muka kasa.

Sanarwa daga Auta, a madadin Baba, wanda ba shi da bakin sanarwa da kansa.